Mutuwar Shanu a Tafkin Marke

Da sassafen wata Talata, a tsakiyar bazara, Jaɓɓo ya koro garkensa zuwa Tafkin Marke da ke tsakanin Illela da Araba, ya tarar da shanunsa huɗu da suka kwana a can suna kwance ba rai. Cikinsu ya kumbura, baƙin jini yana tsiyaya ta hanci da ta baya, kuma jinin ya ƙi daskarewa. Jiya da maraice da idonsa ya gan su suna kiwo lafiya lau. Kafin azahar wasu biyu suka faɗi. Washegari kuma, a cikin gari, Nahantsi majemi ya rasu bayan ɗan gajeren zazzaɓi, wuyansa a kumbure har ba ya iya haɗiyar ruwa.

Kafin a dawo daga maƙabarta sunan mutum ɗaya ke bakin kowa, wato Yari, wani manomi daga Araba. Da kakar bara shanun Jaɓɓo suka shiga gonarsa suka cinye masa gero. Da aka je gaban alƙali, Nahantsi ne ya ba da shaidar cewa shingen gonar ya daɗe da faɗuwa, Yari ya tashi hannu wofi. A ƙofar alƙalin, a gaban jama'a, ya ce su biyun sai sun ga abin da zai same su. Yanzu ga shanun ɗaya sun mutu, ga ɗayan a kabari. Yari kuwa tsohon maharbi ne, kowa ya san yana da kwankwani, dafin da ake shafa wa kibiya. Samarin ruga suka ɗauko sanduna suka nufi Araba, da ƙyar dogaran hakimi suka riga su, suka kawo Yari suka tsare shi a zauren fada.

Hakimi ya aika a kira Attahiru. Shi Attahiru dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda tun yana saurayi sana'arsa bin sawu. Ya bi sawun ɓarayin raƙuma har cikin Adar tun kafin Ingilishi da Faransa su ja iyaka tsakanin Illela da Konni. Hakimi ya gaya masa cewa ranar Lahadi, ranar kasuwa, zai aika da Yari Sakkwato, domin idan ya daɗe a nan ba ya jin zai iya tsare ransa. Yana son ya aika shi da hujja, ko kuma ya sake shi da hujja. Attahiru ya ce zai duba, ya ɗauki sandarsa ya fita.

*

Tafkin Marke ya janye ƙwarai a wannan shekara. Ruwan da ya rage bai fi faɗin masussuka ba, kewaye da shi kuma laka ce da ta bushe da'ira bayan da'ira, tana nuna inda ruwan ya tsaya kowane lokaci kafin ya ƙara ja da baya. Mushen shanun na nan inda suka faɗi. Attahiru ya zagaya a hankali, bai taka laka ba sai inda aka riga aka tattake.

A gefen gabas ya sami sawun mutum ɗaya, babu takalmi, babban yatsan ƙafar hagu a karkace. Ya shigo da sauƙi, ya durƙusa a bakin ruwa, ya koma da nauyi a kansa. Attahiru ya san ƙafar. Ta Yari ce.

Ya same shi a zauren fada zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Yari bai yi musun zuwa tafkin ba. Ya ce laka ya je ɗiba domin ya yaɓe rumbunsa kafin ruwan sama, wanda ke so ya je ya ga ɗanyen yaɓen. Kwankwani kuwa yana da shi, yana cikin ƙaho a rataye a ɗakinsa, rabonsa da buɗe shi tun kafin ya bar farauta. Da Attahiru ya tuna masa maganar ƙofar alƙali, sai ya sunkuyar da kai.

"Na faɗa, Baba Attahiru," in ji shi. "Zuciya ta, ba ni musu. Amma Nahantsi tare munka yi kaciya da shi. Ko jana'izarshi ba a bari na tai ba."

Attahiru ya je Araba. Rumbun yana nan da sabon yaɓe, bakin ƙahon kuma zanzaro ya gina ɗakinsa a kai, ya bushe tun tuni. Wannan bai wanke Yari sarai ba, domin tunya ta kewaye gidansa, kuma ruwan tunya ma yana kashe dabba. Sai dai wani abu ya tsaya wa Attahiru a rai. A cikin ragowar ruwan tafkin ya ga gaiwa tana motsi, kwaɗi kuma suna ta tsalle. Bai taɓa ganin ruwan da aka zuba wa dafin da zai kayar da bijimi ya bar kwaɗo da rai ba.

*

A ruga ya sami Jaɓɓo tsaye a kan wata karsana da ta faɗi da hantsin nan. Jaɓɓo mutum ne da ya san shanu. Ya ce cikin cututtukan shanu ya san bushiya, ya san sammore, wannan ba ɗayansu ba ne. Ya taɓa jin tsofaffi suna zancen ciwon saifa da ke kashe saniya a tsaye, amma ƙasarsa daban ce, can arewa, tun kakansa kuwa suke shayarwa a Marke ba a taɓa ganinsa ba. Kuma in ciwon shanu ne, me ya kai shi wuyan majemin da ke cikin gari, wanda bai taɓa ko jelar shanunsa ba? Daga nan ya rage murya ya ce idan ba Yari ba ne, to a dubi malamin dabbobin da Turawa suka ajiye a bakin iyaka. Watan jiya ya tsira wa shanunsu allura, kuma an ce yana tara jinin dabbobi a kan gilashi, ba wanda ya san abin da yake yi da shi.

Attahiru ya tambaye shi ko duk waɗanda suka mutu an yi musu allurar. Jaɓɓo ya ƙirga a zuci, sannan ya amsa da cewa uku daga ciki ya ɓoye su a daji ranar allurar, hannun malamin bai kai gare su ba. Wannan karsanar ma tana cikinsu.

Malamin sunansa Hamidu, mutumin Sakkwato, wanda bai wuce shekara talatin ba. An koya masa aikin dabbobi a kudu aka turo shi tashar duba shanu, inda doka ta ce duk dabbar da ta ƙetaro daga ƙasar Faransa sai an duba ta kafin ta shiga kasuwa. Mutanen gari ba su saba da shi ba. Da Attahiru ya yi masa sallama ya faɗi abin da ya kawo shi, Hamidu ya ce tun jiya yake son zuwa tafkin, samarin ruga suka kore shi da jifa. Attahiru ya ce ya ɗauko kayansa, shi zai tsaya masa.

A gaban Jaɓɓo, Hamidu ya hana kowa taɓa karsanar, ya ce kada a kuskura a farka cikinta. Ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya tsaga gefen kunnenta kaɗan da wuƙa, ya ɗigo jini a kan wani ɗan fallen gilashi, ya ja shi da wani gilashin har ya yi siriri kamar fatar albasa. Ya cusa wuƙar a wuta, ya ƙone ƙyallen da ya naɗe hannu da shi. A tasha ya bar jinin ya bushe, ya gifta gilashin a kan harshen fitila, ya zuba masa wani shuɗin ruwa mai kama da na marina, ya ɗauraye, sannan ya sa shi ƙarƙashin wani madubi mai bututun ƙarfe da ke girmama abin da ido ba ya gani. Ya daɗe yana juya ɗan maɓallin gefe. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza. Ya ce wa Attahiru ya rufe ido ɗaya ya leƙa.

Da farko haske kawai dattijon ya gani. Can sai ga wasu 'yan sanduna shuɗɗa, gajeru, bakinsu a yanke, sun jeru biyu-biyu uku-uku kamar gaɓoɓin kara, kowane da ɗan ja-ja kewaye da shi. Hamidu ya ce waɗannan su ne ƙwayoyin ciwon saifa. Masu rai ne, suna hayayyafa a cikin jini har su kashe dabba a wuni ɗaya. Dafi ba ya barin irin wannan a jini. Idan aka feɗe mushen, jinin ya zuba a ƙasa, ƙwayar takan yi kwanci a wurin shekara da shekaru, duk dabbar da ta ci ciyawar wurin ko ta sha ruwansa ta ɗauka. Mutum ma yana ɗauka, ta nama ko ta fata.

"To wa ya kawo ta Marke?" Attahiru ya tambaya.

"Wannan madubina bai sani ba, Baba," in ji Hamidu. "Shi dai ya faɗi abin da ya yi kisan. Ƙwayar ba ta da ƙafa. In ba ta nan da, to ɗauko ta aka yi."

*

Suka tafi gidan Nahantsi tare. Matarsa Lubabatu tana takaba, ta yi musu magana ta bayan zana, wata tsohuwa tana zaune kusa da ita. Ta ce kwanaki kaɗan kafin ya kwanta, wani ɗan ƙurji ya fito masa a wuya, daidai inda yake saɓa ƙirgi idan zai kai shi kwatarniyar jima. Ƙurjin ba ya zafi, ya yi baƙi a tsakiya kamar gawayi, sannan wuyan ya kumbura. Yari bai zo gidan ba, bai aiko da ko goro ba. Da Hamidu ya tambaya ko wani a gidan yana da irin ƙurjin, sai ta miƙo hannunta ta gefen zanar. A tsintsiyar hannun akwai baƙin tabo da ƙananan ƙuraje kewaye da shi.

Hamidu ya nemi izini, ya ɗebi ɗan ruwan ƙurjin a gilashi, ya wanke mata wurin da magani ya ɗaure, ya gargaɗe ta kada ta matsa shi ko ta bari a tsaga. Bai ɓoye mata ba, ya ce wasu suna tashi, wasu ba sa tashi, amma nata bai kai wuya ba, akwai kyakkyawan zato.

Attahiru ya tambaye ta ƙiragan da mijin ya karɓa na ƙarshe. Ta ce guda uku ne, ɗanyu, an kawo su a kan takarkari, da wuri kafin mutane su fito. Ita ce ta taya shi shanya su. Ba ta ga wanda ya kawo ba, kuma da ta tambaya, Nahantsi ya ce mai su ya roƙe shi ya rufe bakinsa, don shanun ba su bi ta tasha ba, mai ƙiragan kuma mutum ne da ba a ƙi masa alfarma. Biyu sun riga sun shiga ruwan bagaruwa, ɗaya yana nan a rataye a bayan gida. Attahiru ya duba shi ba tare da ya taɓa ba. An yanke wurin shaidar mai shanu a cinya, an cire shi da wuƙa mai kaifi. Hamidu ya yanki ɗan guntu ya sa a gwangwani ya rufe. Da suka koma tasha, ruwan ƙurjin Lubabatu ya nuna 'yan sandunan nan, ba su da yawa kamar na karsana, amma su ne.

*

Washegari da hantsi Attahiru ya koma tafkin shi kaɗai. Wannan karon bai tsaya a bakin ruwa ba, ya faɗaɗa zagaye. A arewa, bayan itatuwan marke, akwai wani kwari da ruwan sama ke bi ya gangaro cikin tafkin. Nan ya ga kuraye sun tone ƙasa, ga ƙasusuwa a warwatse, ga ƙahoni irin na shanun Azbin, waɗanda Jaɓɓo ba ya da irinsu. An feɗe shanu uku a wurin, an binne su sama-sama. Daga kwarin zuwa tafkin an ja abu mai nauyi sau uku, an wanke shi a bakin ruwan wancan lokaci.

Kusa da wurin wankin, a cikin busasshiyar laka, akwai sawun takarkari. Babba ne, kofaton ƙafarsa ta dama ta baya ɗaya ya hau kan ɗaya. Attahiru ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa. Bai buƙaci ya bi shi ba. Takarkarin nan shi ya ɗauko garar Umma, 'yar Attahiru, ranar da aka kai ta gidan Mukhtari, babban falken fata da kanwa na Illela.

Ya gaya wa kansa cewa takarkari aro ake yi, kuma mutum na iya feɗe mushe bai san abin da ya kashe shi ba. Saboda haka ya shiga bin da'irorin lakar ɗaya bayan ɗaya, daga ta waje zuwa ta ciki. A tsofaffin da'irori sawun takarkarin yana nan ko'ina, tare da na sauran dabbobin Mukhtari, domin kullum nan suke sha. Yana nan har da'irar da aka wanke ƙiragan. Daga ita zuwa ciki kuwa babu shi, babu na 'yan'uwansa ko ɗaya. Shanun Jaɓɓo sun ci gaba da sauka, jakunan Araba sun ci gaba, awaki sun ci gaba, da'ira bayan da'ira, har zuwa ta ranar da shanun farko suka faɗi. Dabbobin gida ɗaya kaɗai suka daina zuwa. Attahiru ya zauna a gindin marke har rana ta take, sannan ya tashi.

*

Mukhtari ba ya gida, ya tafi rumfarsa. Umma ta yi murna da ganin mahaifinta, ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura. Tana da tsohon ciki, tafiya ma da ƙyar take yi. Suka taɓa hirar gida. Ya tambaye ta ina dabbobi, bai gan su a turke ba. Ta ce ai yanzu can rijiyar hanyar Tozai ake kai su, duk da nisanta da zurfinta. Maigida ne ya ce a daina kai su Marke, tun kafin wannan masifa, har ta ce masa Allah ne ya nufe shi da tsira. Ta ƙara da cewa ranar da ya faɗi haka ma ya dawo daga Konni a gajiye, ya ƙone rigar da ke jikinsa a bayan gida ya ce ta yi ƙazanta, ya hana ta ko kusantar mangalar takarkari. Ta faɗi duk wannan tana murmushi, tana yaba yadda yake kula da ita.

Attahiru bai iya shanye furar ba. Ya sa mata albarka ya fita. Daga nan bai bi ta gida ba, ya wuce tasha. Ya tambayi Hamidu ko madubinsa zai iya gane ciwon a busasshiyar fata da tsohon jini. Hamidu ya ce madubin ba ya da tabbas a nan, amma akwai wata hanya. Yana da ɗan ruwan gwaji a kwalba da aka aiko masa daga Sakkwato, wanda aka tace daga jinin dokin da jikinsa ya saba yaƙar ciwon. Bai da yawa, zai isa gwaji kaɗan ne kawai. Attahiru ya ce kaɗan ɗin ya isa.

*

Ranar Asabar bayan la'asar hakimi ya tara mutane a ƙofar fada. Aka fito da Yari. Jaɓɓo ya zo da dattawan ruga, liman yana gefen hakimi, fataken gari suna zaune a jere, Mukhtari a cikinsu da farar riga. Lubabatu ba ta fito ba, ƙanin mijinta ya tsaya mata. Bisa roƙon Attahiru, dogarai sun riga sun bi gidajen fatake uku masu takarkarai sun karɓo mangalolinsu, kowace da baƙin tabon kaya a jikinta.

Attahiru ya fara da Yari. Ya faɗi sawunsa, da rumbun, da ƙahon da zanzaro ya rufe, da kwaɗin da ke raye a cikin ruwan. Ya faɗi shanun da suka mutu ba su ga allura ba, Jaɓɓo ya tabbatar da bakinsa. Sannan Hamidu ya ajiye madubinsa a kan turmi, liman da Jaɓɓo da wasu dattawa suka leƙa, suka ga abin da ke cikin jinin karsana da abin da ke cikin ƙurjin Lubabatu. Jaɓɓo ya leƙa sau biyu, ya koma ya zauna.

Daga nan Hamidu ya jera ƙananan gwangwanaye a kan garwashi. A ɗaya ya tafasa guntun ƙirgin gidan Nahantsi cikin ruwan gishiri, a ɗaya guntun fatar saniyar da mahauta suka yanka da safe, a sauran ukun kuma abin da ya kankaro daga tabon kowace mangala. Ya tace kowane, ya bari ya huce. Ya zuba ɗan ruwan gwaji a gindin wasu siraran kwalabe kamar tsinke, ya tsiyaya ruwan tafasar a kai a hankali yadda ba za su gauraya ba. Tun kafin a ga komai ya gaya wa jama'a abin da za su duba: idan ciwon ya taɓa abin, farin zobe zai fito a inda ruwan biyu suka haɗu, idan bai taɓa ba, ba abin da zai fito.

Ba a jima ba zoben ya fito a kwalbar ƙirgin Nahantsi, fari sol kamar zare. Ta fatar mahauta ta tsaya garau. Cikin na mangaloli, biyu suka tsaya garau, ta uku ta yi zobe. Hakimi ya tambayi dogari ta wane ne, dogarin ya dubi ƙasa ya ce ta gidan Mukhtari ce.

Mukhtari bai firgita ba. Ya tashi ya yi gaisuwa, ya ce gaskiya ne, ya sayo shanu uku a bayan Konni, ya bi da su ta daji don gudun jinkirin tasha, suka faɗi a hanya, ya ɗauka zafi da ƙishirwa ne suka kashe su. Ya feɗe su don kada ya yi asarar fata ma. Laifin kauce wa tasha ya amsa, a yi masa hukunci. Amma ciwo, shi ba malamin dabbobi ba ne, ina zai sani? Wasu fatake suka gyaɗa kai. Hakimi ya dubi Attahiru.

Attahiru ya miƙe a kan sandarsa. Bai ambaci sunan 'yarsa ba, bai faɗi komai daga abin da ya ji a gidanta ba. Ya bayyana yadda tafki ke janyewa yana barin da'ira, da yadda kowace da'ira ke riƙe sawun waɗanda suka sha a lokacinta, ya ce duk mai shakka ya zo su je tare tun rana ba ta faɗi ba.

"Ranka shi daɗe, dabbobin Mukhtari kullum a Marke su ka sha," in ji shi. "Sawunsu na nan har ranar da anka wanke ƙiragan. Daga ranar ba su sake sauka ba, alhali ko saniya guda ta Jaɓɓo ba ta mutu ba tukuna." Ya juya ga surukinsa. "Mukhtari, in ba ka san ruwan ya ɓaci ba, mi ya sa ka ɗauke naka?"

Mukhtari ya waiwaya. Ya dubi fataken da ke gefensa, babu wanda ya dube shi. Can ya zauna a ƙasa. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce a garin da ya sayo su an gaya masa ciwo ya shiga garken, shi ya sa aka sakar masa su da arha. Da ya farka cikin ta farko ya ga saifa ta kumbura ta yi baƙi, ya gane. Ya yi zaton iyakarta dabbobi, kuma ruwan jima zai kashe ta. Da Nahantsi ya rasu aka kama Yari, ya so ya yi magana, ya kasa.

"Kullum kana wucewa ta ƙofar zauren ga," in ji Yari. "Kana ganina."



*

A ranar hakimi ya saki Yari. Jaɓɓo ya taka har inda yake a gaban mutane ya nemi gafararsa, ya kuma raka shi Araba da kansa don samarin ruga su gani. Da umarnin Hamidu aka tara itace aka ƙone mushen da ƙasusuwan kwarin da ƙiragan da mangalar, aka kewaye Tafkin Marke da ƙaya, aka yi shela a kasuwa kada wanda ya ci ko ya feɗe dabbar da ta faɗi da kanta. Jaɓɓo ya ƙara rasa shanu biyar kafin abin ya tsaya. Hannun Lubabatu ya kumbura har gwiwa, ta yi kwanaki tsakanin rai da mutuwa, sannan baƙin ɓawon ya faɗi, ta tashi. Mukhtari kuwa aka tafi da shi Sakkwato, alƙali ya ɗaure shi, aka sayar da dabbobinsa aka biya waɗanda suka yi asara.

Ranar da aka tafi da shi, Attahiru ya je gidan da la'asar don ya ɗauko 'yarsa ta haihu a gida. Ya tarar da tsakar gidan fayau, baƙin da suka saba cika zaure babu ko ɗaya. Umma tana zaune a ƙofar ɗaki, kayanta a ɗaure a gefe, domin labari ya riga shi. Ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ba ta yi kuka ba. Sannan ta tambaye shi, ba tare da ta ɗago kai ba, ko da a ce wani aka sa bin sawun nan ba shi ba, da an gano.

Ya so ya ce mata da an gano, domin ya san hakan zai fi mata sauƙi. Amma bai saba yi mata ƙarya ba.

"Da wuya, Umma," in ji shi.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta dafa bango ta miƙe, ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙullin kayanta, ya riga ta ɗauka. Ta ja ƙofar ɗakin ta rufe, ta wuce gaba, shi kuma ya bi ta a baya da kayan a kansa, suka ratsa ta tsakiyar gari mutane suna kauce musu a hanya.